Ping: a buɗe wa kowa ko 'yan gida kaɗai?

Namu da ke mayar da tsohuwar kwamfuta saba (wadda ke yi wa sauran na'urori hidima) a gida, a Jidda ko Makka, sukan tsaya kan tambaya ɗaya: katangar tsaro (firewall) ta amsa ping (ɗan saƙon gwaji da ake turawa a ga ko na'ura tana kan layi) daga ko'ina, ko daga cikin gida kawai?

Buɗe wa kowa yana da daɗi in kana nesa. Kana Riyad ka tura, amsa ta dawo, hankalinka ya kwanta. Sai dai masu laluben adireshi a intanet su ma sun ji. Kuma a IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet, yawanci rauta ce ke amsawa, ba sabar ba. In layin 5G ne, galibi mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya, saƙon ba ya ma iso ƙofarka.

Ni na fi son na biyun, wato 'yan gida kaɗai. Layin umarni ɗaya ne a iptables, manhajar saita katangar tsaro a Linux:

iptables -A INPUT -p icmp --icmp-type echo-request -s 192.168.1.0/24 -j ACCEPT

Wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gida (in adireshinta ya fara da 192.168.1) za ta samu amsa, baƙo kuwa shiru, muddin INPUT na kan DROP, wato katangar tana watsar da duk saƙo mai shigowa da ba a yi wa izini ba. Mai Ubuntu ya lura, ufw, manhajar katangar tsaronsa, tun asali tana amsa wa kowa. Gyaran yana cikin /etc/ufw/before.rules. Kada dai zafin tsaro ya sa ka toshe ICMPv6 (saƙonnin ping da makamantansu a sabon tsarin adireshi, IPv6) gaba ɗaya, IPv6 ba ya tafiya sai da shi.