Power BI, Tableau ko Looker Studio: wace manhaja ce ta dace da masu karanta rahotonka?

Duk manhajojin haɗa rahoto da ke kasuwa a yau sun iya zana sanduna da layuka da taswira masu ɗaukar ido. Idan ana tallar kowace daga cikinsu za ka ga allo tsaf, a danna nan, can ya motsa. Sai dai alƙaluman da ake talla da su an riga an wanke su an goge, kuma mai tallar ne kaɗai ke riƙe da linzami. Kai kuwa naka a warwatse suke cikin fayiloli daban-daban, ga mutane da yawa da za su buɗe rahoton kowane mako. Don haka kafin ka kalli kyan zane, fara da ƙirga mutane: nawa ne za su gina rahoton, nawa ne karantawa kawai za su yi? Mafi yawan kuɗin da za ka kashe yana wajen kashi na biyun.

Mu ɗauki kamfani mai rassa da yawa, ana kallon cinikin shekara. A allon akwai zanen sanduna na rassa, da layin ciniki wata-wata, da jerin kayan da suka fi tafiya. Manaja ya danna sandar reshe ɗaya. A Power BI nan take sauran zane-zanen za su amsa, rabon reshen ya fito da launi mai ƙarfi, ragowar ya dushe, ba tare da wanda ya gina rahoton ya saita komai ba. A Tableau sai maginin ya kunna wa zanen ɗan alamar mazurari tukuna kafin ya zama matacin sauran, amma yana da ikon cewa wannan ya taɓa wancan, ya bar wancan. A Looker Studio ma akwai wannan, ana kunnawa ko kashewa a kan kowane zane. Qlik Sense kuwa, wata manhajar rahoto, tasa hanyar daban ce: abin da ka zaɓa ya zama kore, abin da ke da alaƙa da shi ya tsaya fari, wanda ba shi da alaƙa ya koma ruwan toka amma bai ɓace ba. Wannan ruwan tokar yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin da shi manaja zai ga kayan da reshen bai sayar ko guda ba.

Power BI na Microsoft ya fito ga kowa a 2015, kuma shi ne yawancin ofisoshi ke fara dubawa, tunda dama da Excel suke aiki. Manhajar da ake gina rahoto da ita, Power BI Desktop, kyauta ce, amma a Windows kaɗai take aiki. Mai kwamfutar Mac sai ya yi dabara ko ya haƙura da abin da burauza ta ba shi. Inda kuɗi ke shigowa shi ne rabawa. Lasisin Pro ya daɗe a dala 10 ga mutum ɗaya a wata, aka ɗaga shi zuwa dala 14 a watan Afrilun 2025, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne mai karantawa ma sai da nasa lasisin, in ba kamfani ya sayi babban tsarin Fabric mai tsada da ke ɗauke wa masu kallo wannan nauyi ba. A lasisin Pro tarin bayanai ɗaya ba ya wuce gigabayit 1, kuma sau 8 a rana yake sabunta kansa. Ga yawancin ofisoshi wannan ya isa har da ragi. Idan kamfaninku na biyan ƙunshin manhajojin ofis na Microsoft 365 E5, tambayi masu kula da kwamfutocinku kafin ka sayi komai, lasisin Pro yana ciki.

Akwai wani maɓalli a Power BI na wallafa rahoto a intanet ba tare da masu kallo sun buƙaci lasisi ba. Wasu na ganinsa a matsayin hanyar kauce wa biyan kuɗi. Duk wanda ya samu adireshin shafin zai ga rahoton ba tare da kalmar sirri ba, har injunan bincike na iya tsinto shi. Albashin ma'aikata ko sunayen abokan ciniki ba su da gurbi a nan.

Abin da ya fi burge ni a Power BI ba zanen ba ne, Power Query ne, wato sashen gyaran bayanai. A ce sunan reshe ɗaya an rubuta shi iri uku, kwanan wata wani ya fara da rana wani ya fara da wata, ga layukan da ba kowa a ciki. Sau ɗaya za ka gyara, manhajar ta rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a gefen allo, wata mai zuwa da sabon fayil ya shigo ta maimaita su da kanta. Wahalar Power BI kuma DAX ce, harshen lissafinsa. A ido kamar lissafin Excel yake, shi ya sa yake yaudarar sababbin shiga. Ranar da ka ga jimillar da ke ƙasan jadawali ta ƙi dacewa da layukan da ke samanta, ranar za ka san akwai karatu a gabanka, domin DAX tana sake lissafi ne gwargwadon tacewar da ke aiki a kowane gurbi, ba tara abin da ke sama take yi ba. Ka sa lokacin koyon wannan cikin kasafinka.

Tableau ya girmi Power BI. An kafa kamfanin a 2003 daga wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, Salesforce ta saye shi a 2019 kan kusan dala biliyan 15.7. Ga mutumin da aikinsa tono ne, wanda bai san tambayar da zai yi ba sai ya ga alƙaluman, har yanzu ban ga wanda ya kai shi daɗin hannu ba. Ka jawo "wata" ka ajiye a jere, ka jawo "riba" ka ajiye kan launi, zane ya sauya kafin ka ɗage yatsa. Yana aiki a Windows da Mac. Lasisinsa hawa uku ne: na mai ginawa dala 75 a wata, na mai bincike da ɗan gyare-gyare dala 42, na mai kallo dala 15, kuma na shekara ake biya gaba ɗaya. Akwai Tableau Public na kyauta, mai kyau ga ɗalibi ko ɗan jarida, amma duk abin da ka wallafa a can na duniya ne.

Mu yi lissafi da waɗannan farashin. Ofis mai magina 3 da masu kallo 40: a Power BI mutum 43 ne sau dala 14, dala 602 ke nan a wata. A Tableau dala 225 ta magina da dala 600 ta masu kallo, dala 825. Ka lura, a duka biyun kuɗin maginan bai kai na masu kallo ba. Farashi na sauyawa, kuma manyan masu saye na samun ragi, don haka ka nemi a rubuto maka na ranar da za ka saya.

A Looker Studio na Google wannan lissafin sifiri ne. Ya fara da sunan Data Studio a 2016, aka sauya masa suna a 2022. A burauza ake komai, kuma ana raba rahoto kamar yadda ake raba takardar Google Docs, ka rubuta adireshin imel ɗin mutum, shi ke nan. Idan alƙalumanka na Google Sheets ne, ko Google Analytics, ko tallan Google, ko BigQuery, rumbun bayanan Google, da wuya ka samu wanda ya fi shi sauƙi. Iyakarsa tana fitowa ne idan aiki ya yi nauyi. Haɗa tushen bayanai a zane ɗaya bai wuce guda 5 ba, ba shi da sashen gyaran bayanai mai ƙarfi irin Power Query, kuma wasu mahaɗan da ke jawo bayanai daga wajen Google na wasu kamfanoni ne da ke karɓar kuɗin wata. Idan intanet ta ɗauke kuma, aiki ya tsaya cak.

Metabase da Apache Superset kyauta ne ga wanda zai girka su a sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe manhajar don kowa ya shiga, kuma ba ruwansu da ƙirga masu kallo. Metabase yana barin wanda bai iya SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, ba ya yi tambaya ta danne-danne. Superset, wanda aka fara a kamfanin Airbnb, ya fi son mai ɗan ilimin rumbun bayanai. Amma wani ne zai riƙa kula da sabar, ya sabunta manhaja, ya ajiye kwafi. Idan ba ku da wannan mutumin, albashinsa ne ainihin farashin.

Kada kuma a raina Excel. Tun fitowar 2010 yake da maɓallan tacewa da ake haɗawa da zanen jadawalin taƙaitawa, a danna zane ya sauya. Idan masu karantawa biyu ne ko uku, kuma layukan ba su kusanci iyakar shafi ta 1,048,576 ba, mai yiwuwa ba ka buƙatar sayen komai.

Ko wace ka karkata gare ta, kada ka yi sayen kifi a ruwa. Duk suna da gwaji ko sigar kyauta. Ɗauki fayil ɗinka mafi datti, ba wanda aka shirya maka ba, ka gina allo ɗaya mai zane uku a manhajoji biyu da ka fi so. Sannan ka tura wa mutumin da ya fi kowa ƙin kwamfuta a cikin waɗanda za su karanta, ka ce ya buɗe a wayarsa ya gaya maka reshen da cinikinsa ya faɗi a watan jiya, kai kuma ka yi shiru. Duba minti nawa allon ya ɗauka kafin ya buɗe, ko ya gane cewa sandunan nan dannawa ake yi, ko kuma bayan ya tace ya san yadda zai koma farko. Power BI da Tableau duka suna ba da damar tsara wa waya nata fasalin daban, amma sai magini ya zauna ya duba shi, in ba haka ba rubutun zai ƙanƙance har sai an buɗa shi da yatsu biyu.

Tambaya ta ƙarshe ga mai sayarwa ita ce ta tsaro: za a iya sa manajan kowane reshe ya ga alƙaluman reshensa kaɗai a cikin rahoto guda? Power BI da Tableau da Qlik da Superset duk suna yin haka, Looker Studio yana yi ta hanyar tacewa da adireshin imel, a Metabase kuwa sai a tsarin da ake biya.