Inshorar raunin aiki ta Ta'aminat a Saudiyya: abin da take biya da wanda ta bari a baya

Duk ma'aikacin da ke da rajista a kamfani a Saudiyya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, yana ƙarƙashin reshen haɗarin aiki na hukumar inshorar ma'aikata, wadda mutanenmu a Jidda da Makka suke kira Ta'aminat. Mai kamfani ne yake biyan kashi 2 cikin ɗari na albashi kowane wata, ba a cire wa ma'aikaci ko riyal ɗaya. Na ga yadda tsarin yake aiki a kan ɗan yayata, wanda ya faɗo daga kan katakon gini ya karye a cinya, kuma hukuncina shi ne tsarin yana da kyau ƙwarai ga wanda ya shiga cikinsa.

Motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, wadda ake kira ta lamba 997, ta ɗauke shi kyauta. Daga nan kuɗi suke fara taruwa: hoton ƙashi, tiyata, ƙarfen da aka sa masa, kwanakin gado, sannan watannin gashin ƙashi da koyon taka ƙafa da sanda. Duk wannan inshorar ta ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne alawus na kullum, domin magidanci da ke kwance ba kuɗin asibiti kaɗai yake ci masa tuwo a ƙwarya ba, akwai kuɗin haya da abin da yake aikawa gida. Ana biyan cikakken albashin da aka yi rajista da shi, sai dai yana sauka zuwa kashi 75 cikin ɗari a kwanakin da mutum yake kwance a asibiti da kuɗin hukumar. Haɗarin da ya auku a hanyar zuwa aiki ko dawowa ma yana ciki, abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba.

Wa'adi ne yake kayar da mutane. Ma'aikaci yana da kwana 7 ya sanar da mai kamfani, shi kuma mai kamfani kwana 3 ya sanar da hukuma. Kamfanin da yaron yake yi wa aiki ya so a rubuta cewa a gida ya faɗi, sai da abokan aikinsa suka tsaya kai da fata. Ya kuma kamata kowa ya duba albashin da aka rubuta masa, domin da shi ake lissafin alawus da diyyar nakasa, wadda ga baƙo ake biya dunƙule, ba ta wuce riyal 330,000.

Babban giɓin tsarin shi ne masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikinsa, balle mai aikin yini da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma a nan ne Hausawa da yawa suke. Irin waɗannan idan suka ji rauni, sai dai a zagaya unguwa da takardar neman taimako bayan sallar isha'i. Ina ba wa kowane mai rajista shawara ya buɗe manhajar hukumar a wayarsa tun yana da lafiya, ya tabbatar sunansa da albashinsa suna nan daidai.