Shok ko ƙarin ganyen sifirin: wanne tirelar zango take buƙata?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakanin ƙara ganyen sifirin da fitanka, wato makanikenka, ya ce a yi, da sa shok a wannan tirelar da kake ɗora tanti da kayan zango, ni dai shok zan ce maka, ba tare da wani dogon tunani ba. Tirelar da ke tsalle a bayan mota ba ƙarfi ta rasa ba, abin da zai kwantar da ita ta rasa.

Aikin kowannensu daban ne. Sifirin shi ke ɗauke da kaya. Taya ta faɗa rami, sai ya lanƙwashe, sannan ya mayar da duk ƙarfin da ya sha. Tirela ta yi sama, ta dawo, ta sake yin sama. Babu mai tsayar da wannan lilon sai 'yar gogayyar da ganyayen ke yi da junansu, ita kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Shok ba ɗaukar kaya ne aikinsa ba. Bututu ne cike da mai, a ciki akwai fistin mai ƙananan ƙofofi, duk motsin da aksil zai yi sai an matsa man ya bi ta ƙofofin nan da ƙyar, sai ƙarfin tsallen ya koma zafi. Shi ya sa in ka taɓa shok bayan doguwar tafiya a gargada za ka ji shi da ɗumi. Ka tuna mai ɗebo ruwa a baho: wuyanta ne ke ɗauke da nauyin, amma ƙoƙon da ta kife a saman ruwan shi ke hana shi tambal-tambal har ta iso gida.

Tawa tirelar mai aksil ɗaya ce, a Magazin na Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota a Kumasi, aka haɗa min ita da sifirin ɗin wata tsohuwar fikof. Da ita muke zuwa Tamale da iyali, da ita muke kwana a tanti in mun je gandun dajin Mole. Kafin a sa mata shok, hanyar arewa wahala ce. Ka san tuddan rage gudu da ke jere a garuruwan nan tun daga Offinso, Abofour, Akumadan, har Techiman da Kintampo. Mota za ta haye lafiya, sai in duba madubi in ga tirela tana sama da ƙasa sau uku ko huɗu, kowane tsalle kuma yana fizgar bayan motar har yara su ji shi a kujera. Tukunyar gas tana dukan jikin ƙarfe, murfin kula yana buɗewa, notin da aka ɗaure jiya yau ya kwance. Abin da ya fi ɓata min rai taya ce: ba ta ƙarewa bai-ɗaya, sai ta riƙa cinyewa gurbi-gurbi, in ka shafa tafin hannu ka ji tudu da kwari, domin rabin tafiyar a iska take yi, tana taɓa kwalta tana tashi.

Bayan an sa shok, tafiyar farko da muka yi Hajiya ta sayi kwandon tumatir a Akumadan, waɗannan jajaye da suka nuna sosai, ta ce a sa a tirela. Muka wuce Kintampo, muka haye gadar Buipe da ta Yapei, muka shiga Tamale bayan la'asar. Ta buɗe kwandon tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, babu ruwa a gindin kwandon. A kan tudun rage gudu kuwa, tirela ta nutsa sau ɗaya, ta ɗago sau ɗaya, shi ke nan ta zauna. Hannuna ya huta a kan sitiyari, kuma birki ya fi kamawa daidai saboda babu abin da ke ɗaga bayan motar yana saukewa. Har a hanyoyin jar ƙasa na wajen Larabanga, inda gargada ke sa haƙori kaɗawa, ƙarar da nake ji daga baya ta ragu ƙwarai. Ban taɓa kashe wa tirelar nan kuɗin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Ƙarin ganye kuwa, to, ya fi arha kuma a yini ɗaya za a gama: a kwance, a zura ganyen, a canja bol ɗin tsakiya da yubol, wato bol masu siffar U da ke matse sifirin a jikin aksil, a sa masu tsawo. Wani maƙwabcinmu a Aboabo mai hayar kanofi da kujeru ya ƙara wa tasa, kuma shi ya yi daidai, don kullum tirelarsa danƙare take da ƙarafa. Amma ka gan ta ranar da take dawowa wayam, ba za ka so ka bi bayanta ba. Sifirin mai tauri a ƙarƙashin kaya marar nauyi ba ya lanƙwashewa, dukan hanya kai tsaye yake shiga shasi, walda ta fara tsagewa. Kayanka tanti ne da katifu da jarkar ruwa da tukwane. Kuma kada a ce maka ƙarin ganye zai ba ka damar ƙara lodi; aksil da boris da taya suna nan yadda suke.

Akwai hanya mai sauƙi da za ka tabbatar da kanka. Loda tirelar yadda kake lodawa in za ka tafiya, ka maƙala ta a mota a wuri mai lebur, ka durƙusa ka duba. In sifirin ya miƙe ɗoɗar ko ya fara juyawa baya, ko aksil ya kusa taɓa robar da ke tare shi, to lallai sifirin ya gaji ko ya yi wa kayan kaɗan, a gyara shi tukuna, shok ba zai ɗaga tirelar da ta zauna ba. In kuwa yana nan da baka-bakansa kuma akwai sarari, hau gefe guda ka danna da nauyinka ka sauka. Ta ci gaba da lilo? Shok take nema.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A Jamus, motar da ke jan tirela ba ta wuce gudun kilomita 80 a awa. Mai tirelar kwana da ke son izinin yin 100 sai ya cika sharuɗɗa, daga ciki akwai birki, da shok mai aiki da mai, da tayoyin da ba su kai shekara 6 ba.

Wane iri za ka saya? Kada ka bari a lallaɓe ka da babban shok na Land Cruiser ko Patrol wai ya fi ƙarfi. An yi shi ne don motar da ta haura tan biyu. A ƙarƙashin ƙaramar tirela zai ƙi motsi, ka koma inda ka fito. Nemi na bayan ƙaramar fikof ko ƙaramar bas, mai ido, wato zoben da bol ke shiga, sama da ƙasa, sabo, guda biyu masu lamba ɗaya. Na mai zalla ya fi laushi kuma ya isa mai bin kwalta, sai dai in gargada ta yi tsawo man yana zafi ya yi kumfa, ya daina riƙewa. Mai gas, wato wanda aka ɗura wa iskar naitirojin, ba ya saurin yin kumfa. Tunda kana shiga daji, ɗauki mai gas marar tauri. Nawa KYB ne. Monroe da Sachs ma ba su da laifi in ka samu na gaskiya.

Sai dai duk wannan a wajen ɗaurawa ake cin riba ko a yi asara, kuma a nan nake so ka tsaya a kan mai walda da kanka. Da farko a auna. A ɗaga shasi da jak har taya ta rataya, a auna tazarar da ke tsakanin inda za a maƙala sama da ƙasa. Sannan a lissafa tazarar in aksil ya taɓa robarsa. Dole shok ya fi ta farko tsawo in ya miƙe duka, ya fi ta biyu gajarta in ya shige duka. In ba haka ba shi zai riƙa tare dukan, kuma ba zai yi nisa ba zai fasa mai ko ya tsinke maƙalarsa. In tirela na tsaye da lodi, sandar shok ta kasance wajen tsakiyar tafiyarta.

A tsayar da shi gwargwadon yadda wuri ya ba da dama, kusa da taya. Masu walda suna son kwantar da shi saboda ƙasan tirela babu sarari, alhali in ya karkata da digiri 45 kusan rabin aikinsa ya tafi. Maƙalar ƙasa a ɗora ta a farantin da yubol ke matsewa. Ta sama a yi ta da ƙarfe mai kauri a jikin shasi, ba a jikin falankin ƙasan tirela ba. Ko da wasa kada wutar walda ta taɓa ganyen sifirin, zafin zai kashe ƙarfen ya karye maka a hanya. Bol ya zama mai lamba 8.8 a kansa, da noti mai kulle kansa, kuma kada a ƙarasa matsewa sai an sauke tirela ta tsaya a kan tayoyinta, don kada robar idon ta murɗe ta yage.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wajen saye, ko a Magazin ko a Abossey Okai in Ankara, babban birnin Ghana, za ka aika. Masu gaskiya suna da yawa, amma akwai masu wanke tsohon shok da fetur, su fesa masa baƙin fenti, su sa a sabon kwali su ce daga tashar Tema ya fito jiya. Ciro shi daga kwalin a gabansu. Duba sandar da kyau: ta zama sumul tana sheƙi, babu tsatsa, babu ƙarzuwa. Shafa yatsa a wuyan bututun, in ka ji danshin mai, ajiye. Lambar ta kasance bugaggiya a jikin ƙarfen kuma ta yi daidai da ta kwali. In fenti ya cike lambar ko ya taɓa robar ido, an sake fesawa ne. Tsayar da shi a miƙe, ka danna ka ja sau da yawa: ya riƙe ka tun daga farko har ƙarshe, babu inda zai zarce fayau, kuma ja ya fi dannawa wuya. Mai gas yana fitowa da kansa a hankali in ka sake shi. Na mai zalla ba ya fitowa, wannan ba lalacewa ba ce, kada a ruɗe ka da ita ta kowane ɓangare. Gwada biyun ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu ya zo daidai. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan, ka kuma je da makanikenka, ba yaron da ya tare ka a bakin titi yana tambayar me kake nema ba.

Abu guda da shok ba zai yi maka ba shi ne hana tirela kaɗa wutsiya hagu da dama in ka ɗau gudu ko babbar mota ta wuce ka. Wannan daga lodi ne. Jarkar ruwa, batir, janareta da tukunyar gas su zauna ƙasa, a kan aksil ko ɗan gabansa, yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar zai sauka a kan ƙugiyar mota. In ka tara nauyi a baya har wuyan tirela ya yi sakayau a hannu, ko wane irin shok ka sa za ta yi rawa. Iskar taya ma ka daidaita ta da lodin da ka ɗauka, don tayar da aka cika ta yi tauri a ƙarƙashin kaya kaɗan ita ma tana ƙara tsalle.

Ka turo hoton ƙasan tirelar daga baya, da lodi a kanta, yadda za a ga sifirin da farantin yubol. Daga nan zan gaya maka ko akwai wurin tsayar da shok a bayan aksil ko sai an kai shi gaba, kafin ka je ka sayi wanda tsawonsa bai dace ba.