Farantan tangaran na rigar sulke da tsagar da ido ba ya gani

Na sayi waɗannan farantai ne domin direbobinmu masu jigilar kaya ta hanyar Birnin Gwari, kuma na zaɓi na tangaran nau'in alumina saboda na nau'in boron kabaid, duk da cewa ya fi rashin nauyi, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. An rubuta a bayansu cewa sun kai mataki na IV na ma'aunin NIJ, hukumar Amurka da ke tsara ma'aunin ingancin rigunan sulke, wato za su tsayar da harsashi guda mai huda ƙarfe samfurin .30-06 M2, balle harsashin AK-47 na yau da kullum. Da farko na gamsu, domin sun zauna daidai a ƙirji, kuma direbobi sun saba da nauyin da ya haura kilo uku, sai dai kukan zufa da ba ya ƙarewa.

Raina ya ɓaci ne ranar da wani tsohon soja da ke aiki tare da mu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya ware guda, ya ce amonsa bai yi masa ba. Rufin farantin lafiya lau yake, ko ƙwarzane babu, amma da aka ɗauki hotonsa da na'urar hoton ƙashi sai ga tsaga siririya kamar gashi, daga kusurwa har kusan tsakiya. Aikin tangaran shi ne ya farfasa kan harsashi da taurinsa, shi ma ya tarwatse, sannan shimfiɗar zaren da ke bayansa ta tare ɓarɓashin; wanda ya riga ya tsage kuwa ba a dogara da shi a wannan gurbin.

Dillalin ya ce mini, "Yallaɓai, yaranka ne suka yar da shi." Ko da hakan ne, ma'aunin NIJ na 2008 ya tanadi a saki faranti ya faɗi kafin a harbe shi, don haka bai kamata faɗuwa ɗaya ta zama uzuri ba. Wannan ya sa na duba jerin samfuran da hukumar ta amince da su, ban ga namu ba, kuma ko ranar ƙira babu a jikinsu. Bayan wahalar da muka sha wajen samun takardar izinin shigo da su daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, yanzu sauran ma sai mun biya kuɗin hoto daga aljihunmu, dillalin kuma ya daina ɗaukar waya.