Kafin ka sayi matakalar Bosuwaja, duba lambar shasi da kaurin ƙarfe

Mai tsohuwar Bosuwaja ƙirar kunkuru da yake son sabunta matakalar gefe, wato farantin nan mai lulluɓin baƙar roba da ke ƙarƙashin ƙofa, yana iya bin ɗaya daga hanyoyi uku: ya gyara ta asali, ya sayi sabuwa mai araha, ko ya ƙara kuɗi ya sayi mai kauri.

In ta asalin tana nan, ita nake fifitawa. Sai dai roba tana ɓoye ɓarna, domin ruwa na shiga ƙarƙashinta ya kwanta, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen ba a sani ba. A ɓare robar dungurungum a duba. In tsatsar sama-sama ce, a kankare, a shafa maganin tsatsa da fenti, a sa sabuwar roba. In ƙarfen ya huhhuje, musamman wajen ramukan noti, kada a ɓata kuɗin walda.

Sabuwa mai araha takan hau daidai, amma ƙarfenta siriri ne, yaro ya taka ta sau biyu sai ta lotse, robar kuma ba ta jure ranarmu. Mai kaurin ta fi tsada da nauyi, kuma ita zan ce a saya in motar za a riƙa hawa. Ɗaga su biyun a hannu, nauyin zai gaya maka gaskiya. Akwai na alminiyon da ba sa tsatsa, amma suna sauya wa motar kama.

A wajen littafin lambobin kaya ake yawan tafka asara. Lambar kayan Volkswagen alƙaluma 9 ce, kashi uku-uku. Ukun farko suna nuna ƙirar da aka fara yi wa kayan, kamar 111 ko 113. Na huɗu yana nuna sashen mota: 1 inji, 6 tayoyi da birki, 8 bodi, 9 lantarki. Ukun ƙarshe su ne kayan kansa, kuma a abin da yake da hagu da dama, lamba mara (kamar 9) ta hagu ce, lamba cika (kamar 10) ta dama, shi ya sa za ka ga matakala tana ƙarewa da 509 da 510. Harafin da ke biye yana nufin an yi wa kayan sauyi, kada a raina shi.

Wannan sauyin ya fi fitowa a siririn ƙarfen ado na bakin matakalar. A motocin Jamus faɗinsa milimita 33 ne har zuwa Yulin 1966, ya koma 18 har Yulin 1972, daga nan ya ƙara sirancewa. Shekarar ƙira a watan Agusta take farawa, don haka shekarar da ke takardun mota ba hujja ba ce. Ɗaga kujerar baya ka karanta lambar shasi da aka buga a ƙarfen tsakiya, ka gwada ta da abin da littafin ya ce.

Ga wani abu da ya shafe mu. Yawancin littattafan nan don kasuwar Turai da Amurka aka rubuta su, alhali Bosuwajar da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975 tana da dangantaka ta kusa da ta Brazil, wadda sauye-sauyenta ba su tafi kafaɗa da kafaɗa da na Jamus ba. Saboda haka, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Ladipo a Legas, tafi da tsohuwar matakalar, ko ka auna ƙarfen adon da tazarar ramuka.

Kafin duk wannan, sa bakanike ya duba ƙarfen bodin da matakalar ke ɗaure a jikinsa da noti huɗu, ban da ɗaya a kowane madigadi. In wannan ƙarfen ya ruɓe ba abin da zai riƙe ta, sai mai gyaran bodi ya fara yin nasa aikin kafin ka biya kuɗin sabuwa.