Man zafin nan mai barkono da na'ana'a: ya yi min aiki, kuma ya ƙona ni

Ni tela ce, keken ƙafa nake takawa, kuma duk wadda ta san ɗinkin sallah ta san abin da sharaɓa take yi wa mutum cikin dare. Kina tsakiyar barci sai jijiya ta ɗaure, ƙafa ta sandare, ki rasa inda za ki sa kanki. Shi ya sa na sayi man zafin nan da ake ta talla a WhatsApp, mai koriyar kwalba, wanda aka rubuta wai an haɗa shi da man kaɗanya, barkono, na'ana'a, man itacen turare da sinadarin magnesiyam. Kun san shi, ba sai na ambaci mai sayarwa ba.

Sati biyun farko ba ni da abin faɗa sai alheri. Da na shafa sanyi zai fara ratsa wurin, can sai ɗumi ya biyo baya, tsamin ƙafa ya lafa, in samu barci. Har maƙwabciyata na yi wa tallarsa.

Ana saura kwana huɗu ƙaramar sallah ƙafar dama ta matsa min, sai na tura wa mai sayarwar saƙo. Ta ce: "Hajiya, ki fara gasa wurin da ruwan zafi, ki lafta man da kauri, ki rufe da leda ki ɗaure da ɗankwali, haka magnesiyam ɗin zai shiga har tsoka." Yadda ta ce haka na yi. Ba a yi minti ashirin ba na ji kamar an ɗora min garwashi. Na kwance na zuba ruwa, raɗaɗin ya ƙaru. Ƙarfe ɗayan dare maigida ya kira ƙanensa da ya karanci haɗa magunguna. Ya ce: "Yaya, ruwa kaɗai ba ya wanke barkono. Ki goge da man gyaɗa a hankali, ki bi da sabulu, sannan ki yi ta zuba ruwa mai sanyi." Kafin gari ya waye fata ta yi jajir, wuri biyu ya ɗuri ruwa. Kwana uku ban taka keke ba. Kaya shida na kwasa na kai wa wata tela, kuɗin ɗinkin ya tafi can, ga kunyar mutanen da na yi wa alkawari. Wata baiwar Allah da ta shekara biyar tana kawo min ɗinki har yau ba ta dawo ba.

Da ƙanen maigida ya zo duba ni ya zauna ya warware min komai. Saman fata matattun ƙwayoyi ne jere kamar tubali, maiƙo a tsakaninsu kamar laka, kuma wannan katangar ce take hana abin da aka shafa wucewa da yawa. Zafi yana sassauta ta, jiƙa yana sassauta ta, rufewa da leda ma haka. Man na'ana'a da na itacen turare su kansu suna sassauta maiƙon, shi ya sa masu haɗa magungunan shafawa suke amfani da irinsu don magani ya ratsa. To ni duka na haɗa a dare ɗaya, bisa umarnin wadda ta karɓi kuɗina. Ya ce tun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa man zafi mai sinadarin na'ana'a yana iya ƙona fata, kada a ɗaure wurin tam, kada a sa masa zafi.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ɗumin nan da nake jin daɗi ba tsokar yake warkarwa ba. Sinadarin yajin barkono yana taɓa wata 'yar kafa a jijiyoyin fata wadda aikinta jin zafin da ya kai wajen digiri 43. David Julius ne da abokan aikinsa suka gano ta a 1997, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021. Na'ana'a kuwa kafar jin sanyi take taɓawa. Hankalin jiki ya koma kan fata, ciwon ya dushe. Ban raina wannan ba, don barcin da na samu gaskiya ne, kuma da a nan maganar ta tsaya da na ce ku saya ku shafa kaɗan-kaɗan.

Amma magnesiyam ɗin fa, wanda saboda shi aka tsuga kuɗin? Gishiri ne mai narkewa a ruwa, ba ya ratsa maiƙon fata cikin sauƙi. Hanyarsa ta ciki ce. Mace baliga tana buƙatar miligiram 310 zuwa 320 a rana, kuma yana nan cikin riɗi, gyaɗa, wake, gero da alayyafo. Kalsiyam ne yake sa tsoka ta tsuke, magnesiyam yana taimaka mata ta saki. Ni kuwa duk azumin shayi da burodi nake sahur, ruwa kaɗan, in wuni kan keke. Yanzu na koma kunun gyaɗa, fura da nono da wake, ina miƙe ƙafa kafin in kwanta, ga aiki ya ragu bayan sallah, ɗaurewar ta yi sauƙi sosai.

Na tura wa mai sayarwar hoton ƙafata. Amsarta: "Ai zafin alamar yana aiki ne." Ko sannu babu. A nan na ɗauki kwalbar na duba da kyau: babu lambar NAFDAC, babu yawan barkonon da aka zuba, babu gargaɗi ko layi ɗaya. Na janye maganar ku saya. Tabon yana nan baƙi a sharaɓata kamar faɗin tafin hannun yaro.

Jiya na shiga gidan maƙwabciyar tawa na karɓe kwalbar da ta saya da bakina, don tsohuwarta take shafa wa, ita kuma tana da ciwon suga, ƙafafunta ba sa jin zafi sosai. Na mayar mata da kuɗinta daga aljihuna.