Ƙwan Fabergé na kwaikwayo da na sayo wa uwargida

Sai da na shiga gidan tarihin Fabergé da ke fadar Shuvalov a bakin kogin Fontanka, a birnin Saint Petersburg na Rasha, sannan sha'awar waɗannan ƙwayayen ado, da kamfanin maƙeran zinariya na Fabergé ya ƙera wa sarakunan Rasha, ta kama ni. A nan na ga ƙwan farko na 1885, wanda Sarki Alexander na Uku ya ba matarsa kyautar bikin Ista, fari sol a waje, gwaiduwa da 'yar kazar zinariya a ciki. Amma wanda ya tafi da hankalina shi ne na 1898, mai ruwan hoda da furannin lu'ulu'u, wanda idan aka murza wani ɗan maɓalli hotunan Sarki Nicholas na Biyu da 'ya'yansa mata biyu suke fitowa ta sama.

Kwaikwayonsa na saya a wani shagon tsaraba, kuma ban yaudari kaina cewa zinariya ce ba. Yana da nauyi a hannu, ƙafafunsa huɗu suna zaune daram, kuma ranar da uwargida ta ɗora shi cikin kabad ɗin gilashi kusa da tangarayenta, har maƙwabta sai da suka shigo kallo. A makonnin farko da an tambaye ni, da na ce kuɗina ya biya.

Zafin watan Afrilu a Kano ne ya tona asirinsa. Wata rana ta ɗauko shi za ta goge ƙura, sai lu'ulu'u uku suka biyo tsumman, domin ashe da gam aka manna su, gam ɗin kuwa ya saki. Da na kankara ɗaya da farce sai fatarsa ta ɓare, roba ta bayyana. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai shagon ya rantse mini cewa launin ruwan hodar da ke jikinsa gilashi ne da aka gasa a wuta a kan ƙarfe mai zane, yadda maƙeran Fabergé suke yi, alhali fenti ne kawai, wanda yanzu ya fara tashi a gefen murfin. A kan wannan maganar ce na ƙara kuɗi na bar mai arahar da ke kusa da shi.

Na kai wa wani maƙerin zinariya, ya mayar da biyu, na ukun ya ɓace. Ƙwan yana nan a kabad, an juya gefen da ya lalace yana kallon bango.